Ruwan Kokwamba

Kano, Nuwamba

Zuwa ga 'yata Wahida,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikinki yana ƙara ƙarfi, hawan jinin kuma ya sauka ya zauna inda likita yake so. Yaya maigidana Gafaru, cibiyar ta bushe? Ki gaida mijinki. Ni na sauka lafiya. Ƙafafuna sun kumbura a jirgi, amma kumburin ya tafi.

Na ga kiran da kike ta yi. Ba zan ɗauka ba. A waya kuka za ki yi min, in yi shiru, maganar ta wuce ba a yi ta ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan riƙa ɗaukar hoton takardar ina turo miki, ke ma ki yi haka.

Da kika ce mutumin Kumasi za ki aura, ban hana ba. Da kika haihu na bar gidana na taho Hyattsville ta Amurka don in yi miki jego yadda uwata ta yi min. Da hannuna na daka yajin nan, citta da masoro da kimba da kanumfari, na ƙulle shi da kanwa na ratso da shi filin jirgi gabana yana faɗuwa. Sai na tarar da yayar mijinki Memunatu ta riga ni kama kicin. Wai ta yi kwas na maganin Indiyawa. Wai jikin kowane mutum abu uku ne ke tafiyar da shi, vata da pitta da kapha, ɗaya sanyi da bushewa, ɗaya wuta, ɗaya nauyi da danshi. Wai ke mai wuta ce, don haka ba barkono, ba kunun kanwa, ruwan wanka ma sai ta tsoma gwiwar hannu ta ce ya yi. Na haɗiye duk wannan saboda ke.

Amma ranar suna ba zan haɗiye ta ba. Na ɗanɗana farfesun da za a ba ki, salam kamar ruwan wanke kwano. Na tambaya ina yajina, aka ce yana bayan mota. Na yi magana, kuma ina da ikon yi. Yarinyar nan ta taso a gaban matan Kumasi da matan Yamai da matan ma'aikatan rediyo, ta kama wuyan hannuna ba ta nemi izini ba, ta ɗora yatsu uku, ta lumshe ido, sannan ta juya ta ce musu, "Mma ba faɗa take ba, pitta ne ya hau. A kawo mata ruwan kokwamba." Aka yi dariya. Ke ma na ga kin rufe baki da mayafi.

Daga ranar ban ƙara zama mutum a gidan nan ba. In na ce an bar yaro ba hula, sai a miƙo min ruwan kokwamba. In na ce an yi sallar Asuba a makare, sai a ce zafi ne, in rage shayi. Gara a zage ni, Wahida. Wanda ya zage ka ya ji abin da ka ce. Wannan ita ta sa na canza tikiti tun ba ki yi arba'in ba.

Ban yafe mata ba, kuma ina so ta sani.

Mahaifiyarki,
Hansatu

Hyattsville, Disamba

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jinina ya daidaita, an rage min ƙwaya. Gafaru yana shan nono kamar wanda aka aiko, har wuyansa ya yi ninki. Mijina Abdul-Shakur yana gaishe ki, ya ce har yanzu kunya ta hana shi sakewa tun ranar da ya kai ki filin jirgi ba ki ce masa komai ba. Sanyi ya shigo sosai.

Umma, ki yi haƙuri. Dariyar da na yi ranar nan ta ruɗewa ce, wallahi ba ta raini ba. Memunatu ta yi kuskure, ni da mijina duk mun faɗa mata.

Amma bari in gaya miki yadda na fahimci abin, don ba yadda kike zato ba ne. Mu ma ai muna cewa wane sanyi ya kama shi, wance zafi ya yi mata yawa, kada mai mura ya sha abu kaza. To haka ne, sai dai su sun tsara shi. Kowa yana da ukun nan, ɗaya ya fi rinjaye tun haihuwa, kuma in ya yi yawa sai a rage shi da kishiyarsa. Mai vata yakan zama siriri, fata a bushe, barci kaɗan, hankali ba ya zama wuri ɗaya, shi ake ba abinci mai ɗumi da maiƙo. Mai pitta yana da saurin yunwa da ƙwannafi da gumi da saurin fushi, shi ake nisanta da barkono da tsami. Mai kapha jiki da nauyi, ga majina, ga son kwanciya, shi kuma yajin ne maganinsa. A wurinsu mai jego vata ne ke damunta, don jiki ya buɗe ya yi sanyi. Shi ya sa take shafe ni da man riɗi mai ɗumi kullum, tana ɗaure min ciki, tana zuba man shanu a komai. Kusan jegonmu ne. Barkonon kawai ta cire saboda yanayina. Kanwar kuwa likita ne ya hana saboda jinina, kina wurin ya faɗa.

Tun tafiyarki ita ke tashi da yaron in na gaji. In ta dawo daga wurin tsohuwar da take kula da ita a Bowie, ko takalmi ba ta cirewa sai ta duba ni. Ta zame min uwa a nan, Umma.

Ga wata magana. Kin san Mukaila na gidan rediyo, wanda kike jin muryarsa a labaran safe. Yana neman auren Memunatu. Ta haura talatin da biyar, ƙuruciyarta duk ta tafi a aikin kula da tsofaffi don ƙannenta su yi karatu, wannan ne karo na farko da na ga ta sayi turare don kanta. Mahaifiyarsa Hajiya Haula tana Gwammaja. Ta ce ba za ta amince ba sai an yi bincike, kuma a duk Kano ke kaɗai kika taɓa zama gida ɗaya da Memunatu. Wurinki za su zo.

Na roƙe ki don Allah.

'Yarki,
Wahida

Kano, Janairu

Wahida,

Bayan sallama, na ji daɗi da jinin ya sauka. Ki ci gaba da shan ƙwayar, kada wata ta ce miki ganye ya isa. Yaron a riƙa sa masa safa. Ni gwiwa ce take ɗan taɓa ni, ba wani abu ba.

Na daɗe ban amsa ba saboda na tsaya a kan layi ɗaya na takardarki. Kin yi uwa a Amurka. To madalla. Ni da na yi naƙudarki a asibitin da ba wuta, na goya ki ina koyarwa a firamare alli yana zuba a kanki, ashe riƙon ƙwarya nake yi kafin mai man riɗi ta iso. Ban san ana canza uwa kamar yadda ake canza likita ba.

Na karanta darasin da kika yi min, kuma na gode, na ƙaru. Na ga kin lissafa saurin fushi tare da ƙwannafi da gumi. Nan ne ɓarnar take, ke ba ki gani ba. Allah ya ba mutum fushi don ya ƙi abin da bai dace ba. In aka mai da shi ciwo, to babu sauran mai laifi a duniya. Yaro ya zagi ubansa, a ce uban ya rage barkono. Mace ta raina surukarta, a jiƙa wa surukar ganye. Wannan tarbiyyar za a yi wa jikana? Ban damu da abin da Indiyawa suke ci ba, ƙasarsu ce. Abin da na sani, ƙarami ba ya kama hannun babba a cikin taro ya fassara shi ga mutane.

Maganar Hajiya Haula, na san ta. Mun yi Islamiyya ɗaya a Fagge kafin ta koma Gwammaja. Ta aiko a tambayi ranar da zan zauna a gida, na ce sai bayan bikin 'yar maƙwabta. Kin ga na ba ku lokaci.

Kin ce ke da mijinki kun faɗa mata ta yi kuskure. Ita fa, me ta ce? Bakinta ya yi aiki ranar suna, hannunta ma ya yi. To hannun nan ya ɗauki biro. Ta rubuto min cewa ta yi rashin kunya, da wannan sunan, ba da wani ba. Kada ki rubuta a madadinta, na san rubutunki kuma na san maganarki. In na gani, zan san abin da zan ce wa Haula. In ban gani ba, nan ma zan sani.

Ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma ba zan fara a kan Memunatu ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ki tuna idona ya ga abubuwa da yawa a garin nan naku.

Mahaifiyarki, in har yanzu ni ce,
Hansatu

Hyattsville, Janairu

Zuwa ga Mma Hajiya Hansatu,

Assalamu alaikum Mma. Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gida, yaya gwiwa? Wahida da Gafaru suna lafiya. Ki yi haƙuri da Hausata ta Zongo.

Mma, na ji kin yi fushi da ni paa, sosai da sosai. Ban yi nufin kunyata ki ba. Na ga fuskarki ta yi ja, jijiyar wuyanki tana bugawa, na ji tsoro kada jininki ya hau, shi ya sa na kama hannunki. Da na tsaya na yi tunani da na ja ki gefe. Lokacin kaka ne, busasshen sanyi ya shigo, ga ba na barci saboda jariri da aiki, vata ya yi min yawa ƙwarai. In vata ya hau, baki yana riga hankali fita. Yanzu na gyara abincina, na dawo daidai, haka ba zai sake faruwa ba.

Ki yafe min. Ke uwa ce gare mu duka.

Gwiwar nan, ki ɗumama man riɗi ki shafa safe da yamma, ki rage abinci busasshe. Na ba wani mai zuwa Kano kwalba ɗaya ya kawo miki.

'Yarki,
Memunatu

Kano, Fabrairu

Wahida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, yaron ya fara zama. Ni lafiya lau, na fi kowane lokaci.

Na ga takardar uwarki. Na karanta ta da tabarau, na sake karantawa a rana. Na nemi kalmar da na ce a rubuta, babu. Ashe ba ita ta yi ba, kaka ce ta yi, da rashin barci, da wannan vata. Ni pitta ya yi magana a bakina, ita vata ya yi a nata, babu mutum ko ɗaya a wurin sunan nan. A ƙarshe ma sai da ta sake duba ni ta rubuto min magani. Kwalbar ta iso, tana nan a rufe.

Jiya bayan La'asar Hajiya Haula ta zo da ƙanwarta. Na yi musu shimfiɗa, na kawo zoɓo. Bayan an gaisa ta ce, "Hajiya Hansatu, amana na kawo miki. Yarinyar nan tana salla?"

Na ce, "Tana yi. Na gan ta."

"Yawo fa?"

"Daga aiki sai gida. Ba ta ƙarya, ba ta ɗauke-ɗauke, kuma ta iya riƙe jariri."

Ta ce alhamdulillahi, ta fara neman takalminta. Na bar ta sai da ta sa ƙafa ɗaya, sannan na ce, "Tunda amana kika ce, zauna."

Na gaya musu inda ta koyo sana'arta. Kin tuna ranar da ta kai ni shagon malamarta Ba'indiya don a duba min gwiwa? Na faɗi abin da ke bakin ƙofa, mutum-mutumi mai hannu huɗu, an rataya masa fure, ga fitila tana ci a gabansa. Na ce Memunatu ta cire takalmi kafin ta wuce shi. Ƙanwar ta ce, "Ta yi masa sujada?" Na ce ban gani ba, abin da na gani shi na faɗa. Na ce tana kama hannun mutum ta rufe ido ta gaya masa halittarsa da halinsa. Ƙanwar ta ce wannan ai duba ne. Na ce ni ba malama ba ce.

Haula dai tana ta juya kofi. Na san ta, ba wannan ne zai kayar da ita ba, ta yi zaman Legas. Sai na ce, "Mukaila yana cin yaji?"

Ta yi dariya ta ce, "Ni nake daka masa in aika. Ko a tuwo sai ya barbaɗa."

Na ce, "To ki daina wahala, bayan mota zai ƙare. Wannan ma ƙarami ne. Ranar da kika je gidan ɗanki kika ga abin da bai yi miki ba kika yi magana, ba za a yi miki musu ba, ba za a ba ki haƙuri ba. Za a kama hannunki a gaban baƙi a ce ba ki da lafiya. Ɗanki yana tsaye zai miƙo miki kofi."

Ta ce, "Ni?"

Na ce, "Ni ma haka na ce."

Ta ajiye zoɓon ba ta ƙarasa ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce da ta tura ɗanta rami.

Ki duba duk abin da na faɗa, ki nuna min ƙarya ɗaya. Na yabe ta inda ta cancanta. Ki gaya mata ta auna wannan da yatsunta uku, ta gaya min wanne ne ya hau a cikin ukun.

Na yi barci mai daɗi jiya.

Hansatu

Hyattsville, Afrilu

Umma,

Muna nan da rai. Gafaru ya yi zazzaɓin haƙori, ya warke.

An fasa. Kawunnan Mukaila sun kira Abdul-Shakur suka ce a dakata, kowa ya san ma'anar dakatawar. Mukaila ya zo da kansa, ya tsaya a wurin ajiye motoci bai hau sama ba, ya ce ba zai iya saɓa wa mahaifiyarsa ba. Maganar mutum-mutumin ta riga shi isowa. A masallaci ranar Juma'a wata mata ta janye 'yarta daga kusa da Memunatu. Kin san kowa yana cire takalmi a shagon nan saboda kafet, ke ma kin cire naki.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta kwashe kwalabenta daga kicin, ta koma Bowie da zama a gidan tsohuwar da take yi wa aiki. Matan da suke zuwa ta duba su, ta ce su daina. Ni na koma aiki a College Park, yaron yana wuni a gidan raino. Abdul-Shakur bai ce min komai ba, ko kalma ɗaya a kanki. Yana cin abinci ya tashi. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Kin san abin da ta ce da labarin ya zo? Ta ce kada in riƙe ki, zafi ne, in ya sauka za ki yi nadama. Har ranar tana nema miki uzuri da abin da ta iya. Ni na karanta takardarki, na ga yadda kika jira Hajiya Haula ta sa takalmi ɗaya. Mai zafi ba ya jira haka. Na ce mata ta daina, wannan ba pitta ba ne, Umma ce.

Kin so a ɗauki maganarki a matsayin taki. Na ɗauka.

Wahida

Kano, Maris na shekara mai bi

'Yata Wahida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki da maigidana. Na rubuta bayan Sallah, na sake rubutawa da damina, ban ga amsa ba. Na ɗauka aiki ne ya yi yawa. Na ga hoton yaron a wurin yayanki, yana tafiya, ya ɗauko goshin babanki.

Abin da kika faɗa a takardarki ta ƙarshe haka ne. Ni ce. Ban taɓa ɓuya bayan sanyi ko zafi ba, kuma in an tambaye ni gobe a gaban Allah zan ce ni na faɗa. Shirun da kike yi wa mahaifiyarki kuwa ki tambayi malamanku na can hukuncinsa.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Na lissafa, yaron ya isa yaye. Kin san a gidanmu ba uwa ke yaye ba, gidan kaka ake kai yaro ya yi kwanakinsa har ya manta nono. Ke a wurin uwata aka yaye ki, yayanki ma haka. Na sa an yi wa ƙaramin ɗakin fenti, an gyara ragar taga saboda sauro, na sayi gero mai kyau na kunu. In hutunku ya zo ki kawo shi. Ba roƙo nake ba, tuna miki nake da abin da yake haƙƙina.

Ki sanar da ni ranar da za ku sauka.

Mahaifiyarki,
Hansatu

Hyattsville, Afrilu

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara miki lafiya.

An yaye Gafaru tun watan jiya. Na kai shi Bowie wurin gwaggonsa Memunatu, ya yi kwanakinsa a can. Ta ce bai ba ta wahala ba.

Geron ki ba maƙwabta kada ya lalace.

Wahida